An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Korona, Mu Da Dabbobinmu

Wanda ya san Gaya ta Nijar a tsakiyar hunturu ya san irin safiyar da nake nufi. Hazo ya rufe bakin kogi har ba a hango Malanbil ta Benin, iska na kaɗo ƙura, kowane gida ka gifta sai tari da atishawa. Leƙa ɗaya daga cikin gidajen nan. Ga tsoho kwance cikin bargo yana fama da mura da masassara, kyanwar gidan ta naɗe a gefen ƙafarsa tana neman ɗumi. An kawo masa koko, ya kurɓa ya ture, aka juye ragowar a kaskon kare. Can sai ga maƙwabciya ta shigo dubiya. "Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne." Ta juya wajen uwargida ta rage murya: "Yaya, ku raba shi da magen nan. Gashinta ne ke ƙara masa tarin." Nan take aka sa yaro ya bi kyanwa da sanda. Bayan kwana biyu aka ga ta daina cin abinci, tana atishawa, ido na zubar ruwa. Kowa ya ce, "To ga shi nan, ai dama ita ce."

Babu wanda ya tsaya ya yi tambaya ɗaya: wa ya fara kwanciya, tsohon ko kyanwar?

Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gaskiya ne akwai masu asma da gashin kyanwa ke tayar musu da ciwo, kuma gaskiya ne cututtuka da yawa daga dabba suke tasowa su faɗa wa mutum: haukan kare, murar tsuntsaye, zazzaɓin Lassa. Kuskurenmu shi ne da muka ɗauka hanyar ta tafiya ce kawai, babu dawowa. Shekarun korona sun nuna cewa mutum ma na shafa wa dabba ciwo, dabbar ta wahala, wata ta mutu, wata kuma ta riƙe cutar ta mayar wa mutum bayan ta sake kama. Mu mutanen bakin iyaka bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin mun san kwalekwalen da ya tsallaka da albasa ba ya dawowa wayam.

1. Wa ya shafa wa wa?

A ƙarshen watan Fabrairun 2020, daidai lokacin da Najeriya ta sanar da mutum na farko da aka samu da korona a Legas, makonni uku kafin Nijar ta sanar da nata ranar 19 ga Maris, hukumomin Hong Kong suka ce sun ga ƙwayar cutar a hancin wani tsohon kare mai shekara 17. Uwargijiyarsa ce ta fara kamuwa. A watan Maris aka samu wata kyanwa a Beljiyam tana gudawa da numfashi sama-sama, ita ma bayan mai ita ta kwanta.

Sai labarin da ya zaga duniya. Ranar 5 ga Afrilun 2020 aka tabbatar cewa wata damisar Asiya mai ratsi, mai suna Nadia, 'yar shekara 4, a gidan namun daji na Bronx da ke birnin New York, ta kamu. An ji ta tana busasshen tari, ta rage cin abinci. A lokacin gidan a rufe yake tun tsakiyar Maris, babu mai shiga kallo. Zargi ya tsaya a kan mai kula da ita, wanda ke ɗauke da ƙwayar shi kansa bai sani ba. Kafin ƙura ta lafa dabbobi 8 ne suka kamu a gidan, damisa 5 da zaki 3. Allah ya sa duk sun warke.

Ba kowace dabba ta yi wannan sa'a ba. A watan Yunin 2021 zakuna biyu suka mutu a gidan namun daji na Chennai a Indiya. A watan Nuwamba na shekarar, damisar dusar ƙanƙara guda 3 suka mutu a jihar Nebraska ta Amurka. A San Diego kuwa, tun Janairun 2021 goggon birai suka kama tari, har aka kai ga yi wa wasu manyan birai na wurin allurar rigakafin da kamfanin Zoetis ya haɗa domin dabbobi. Nan Afirka ma ba a bar mu a baya ba: a wani gidan namun daji mai zaman kansa a Afirka ta Kudu, zakuna 3 sun kamu da nau'in Delta a 2021, masanan jami'ar Pretoria suka bi sawu suka tarar daga ma'aikatan wurin ta fito.

Yadda ake gane wa ya shafa wa wa ba duba ba ne. Ana ɗaukar ƙwayar da ke jikin dabbar a karanta tsarin halittarta, a gwada da wadda ke jikin mai kula da ita da wadda ke yawo a garin. Kusan ko'ina amsar ɗaya ce: mutum ne ya kawo.

2. Kaji da shanu fa?

Na san abin da makiyayi da mai kiwon ragon layya za su fara tambaya ke nan, kuma a nan akwai kwanciyar hankali. Ƙwayar korona na shiga jiki ne ta hanyar maƙalewa da wani sinadari da ke jikin hanci da maƙogwaro da huhu, wanda masana ke kira ACE2. Kowace dabba da irin nata. Wadda nata ya yi kusa da na mutum, ita ta fi saurin kamuwa. Gwaje-gwajen da aka yi a Harbin ta ƙasar Sin da cibiyar Friedrich Loeffler ta Jamus a 2020 sun nuna kyanwa na kamuwa cikin sauƙi har ta shafa wa 'yar'uwarta, kare na kamuwa sama-sama, kaji da agwagi ba sa kamuwa, shanu kuwa da ƙyar take kama su kuma ba su yaɗa ta ga juna ba. Babu hujjar cewa wani ya ɗauki korona daga dafaffen nama, ƙwai ko nono.

A 2023 masanan jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun suka wallafa binciken da suka yi a jihohin Ebonyi, Ogun, Ondo da Oyo, inda suka ga ɓurɓushin ƙwayar a jikin dabbobin gida iri-iri. Ganin ɓurɓushi a hancin akuya ba lallai ya zama ta kamu ba. Yana iya zama abin da mutanen gida suka fesa ne ta shaƙa. To amma ko hakan ma ya isa darasi. Ya nuna yadda numfashinmu da nasu ya cakuɗe a gidajen da akuya ke kwana a bakin ɗaki, kaji na kiwo a tsakar gida, yaro na raba tuwonsa da kare. Irin gidajenmu ke nan daga Gaya har Kamba.

3. Abin da ya sa masana suka tsorata

Da a ce dabba za ta kamu ta warke shi ke nan, da maganar ta tsaya a tausayi. Abin da ya ɗaga hankali shi ne dawowar cutar.

Akwai wata 'yar dabba da ake kira mink, ta yi kama da tunku, Turawa na kiwonta dubbai a keji saboda fatarta. A watan Afrilun 2020 ma'aikatan gonakin mink a Holan suka shafa musu korona. Dabbobi cunkushe wuri ɗaya, keji na jikin keji, sai cutar ta bi su kaf, daga baya aka tabbatar ta koma jikin wasu ma'aikata. A Danmak, wadda a lokacin ita ce kan gaba a wannan sana'a a duniya, an ga ƙwayar ta sauya kama a jikin mink ta shiga mutane a arewacin ƙasar. Ranar 4 ga Nuwamban 2020 firaminista Mette Frederiksen ta ba da umarnin kashe duk mink ɗin ƙasar, kimanin miliyan 17, masu ciwo da masu lafiya. Bayan an fara kisa aka gano gwamnati ba ta da hurumin doka na ba da wannan umarni, ministan noma Mogens Jensen ya ajiye aiki. Sana'ar da iyalai suka gada ta rushe cikin makonni. Dabbar da mutum ya kulle, mutum ya shafa wa ciwo, ita aka haƙa wa rami.

Mink dai a keji suke, ana iya ƙirga su. Labarin barewar Amurka mai farar wutsiya ya fi wannan nauyi, domin mafi yawanta a daji take, babu mai kiwonta. Masu bincike sun gwada barewa 283 a jihar Iowa, suka tarar kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da ƙwayar, a tsakanin ƙarshen Nuwamban 2020 da Janairun 2021 kuwa sun haura kashi 80 cikin 100. Tsarin halittar ƙwayar ya nuna daga mutane ta tsallaka, kuma ba sau ɗaya ba, sannan barewa suka ci gaba da raba ta a tsakaninsu. A jihar New York an samu nau'o'in da suka ɓace daga jikin mutane tun watanni suna nan daram a jikin barewa. A Ontario ta Kanada an ga wani nau'i da ya yi nisa da duk wanda aka sani, aka kuma samu irinsa a jikin wani mutum da ke hulɗa da barewa a yankin.

Ga ma'anar wannan a taƙaice. Mutane na iya yin rigakafi, cutar ta lafa a gari, alhali ta samu wurin zama a daji inda babu likita, tana ta sauyawa. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona, amma ba ta ce ƙwayar ta ƙare ba. Tana nan tana yawo cikin mura da tarin da muke yi.

4. Kura da shan bugu

Mai karatu na iya cewa, mu ina ruwanmu da mink da barewar Turawa? To bari mu dawo gida, ga dabbobin da kowane yaron yankinmu na Dandi ya san sunansu.

A watan Nuwamban 2021 aka tabbatar da korona a jikin kuraye biyu a gidan namun daji na Denver, karo na farko da aka gan ta a kura. Wata guda bayan haka, a birnin Antwerp na Beljiyam, dorina biyu, uwa da 'yarta, aka ga majina na zuba daga hancinsu fiye da ƙima, aka gwada aka tarar korona ce. Kura da dorina da zaki. Dorina ga ta nan a koginmu, masunta sun fi kowa saninta. Zaki kuwa, abin da ya rage na zakunan Afirka ta Yamma bai wuce kimanin 400 ba a ƙididdigar da aka fitar a 2014, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna cikin dazuzzukan W da Arly da Pendjari, wato nan maƙwabtanmu, tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso.

Ba cewa nake mai tari zai je ya yi wa zakin dajin W atishawa a fuska ba. Cuta ba ta bukatar haka, 'yan aike take bi. A 1994 wani ciwon karnukan gida ya tsallaka cikin dajin Serengeti a Tanzaniya ya kashe zakuna kusan 1,000, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin. Karen makiyayi da karen mafarauci su ne ke kwana a gida su yini a daji. Abin da muka zuba musu a kasko, da shi suke shiga.

Waɗanda suka fi zama cikin haɗari su ne namun dajin da muka kamo muka ajiye a hannunmu. Kowa ya san gardawa masu wasa da kura da biri da maciji, suna bin kasuwanni gari-gari, suna tsallaka iyaka kamar kowa. An sa wa kura takunkumi da sarƙa, jama'a sun yi da'ira, yara na matsowa, biri na karɓar kuɗi daga hannu zuwa hannu, ana miƙa masa guntun rake da aka tsotsa. Yau suna wannan kasuwa, jibi suna wata. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yanzu an ƙara mata da shaƙar numfashin kowace kasuwa. Haka ɗan birin da aka ɗaure wa igiya a ƙugu a ƙofar gida, yara na ba shi abin da suka gutsura. Biri ya fi kowace dabba kusa da mu a halitta, shi ya sa kusan duk ciwon numfashin da ke kama mu yana iya kama shi. Haka nan ranar sallah, sa'ad da jama'a ke tururuwa zuwa Gidan Zoo na Kano ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Akwai masu jefa wa birai ragowar abin da suka ci da sunan alheri, ba su san abin da suke jefawa tare da shi ba.

Wannan ba hasashe ba ne, ya riga ya faru a Afirka ta Yamma tun kafin a san sunan korona a gidajenmu. A dajin Taï na ƙasar Kodebuwa akwai manyan birai da ake kira cimfanzi, waɗanda masu bincike suka shafe shekaru suna bi. An sha ganin annobar tari ta faɗa musu ta kashe wasu, binciken da aka fitar a 2008 ya nuna ƙwayoyin murar mutane ne. A ƙarshen 2016 zuwa farkon 2017 suka sake kama tari da atishawa, aka gwada aka samu wata 'yar'uwar korona da ake kira OC43, wadda ke sa mutane mura, aka kuma same ta a jikin mutanen da ke aiki a wurin. Dokar masu aiki da waɗannan birai ita ce sanya takunkumi, tsayawa nesa da kimanin mita 7, da killace kai na wasu kwanaki kafin shiga daji. Shekaru kafin a tilasta wa duniya rufe hanci, a can ana rufewa saboda biri. Ni a ganina wannan shi ne mutuntaka: ka san kai ma kana iya zama cuta ga wani, ko da wanin nan dabba ne.

5. An rufe gada, ba a rufe iska ba

Gaya ta sha ganin rufe iyaka. Najeriya ta rufe tata a watan Agustan 2019. A Maris 2020 korona ta sa aka sake kulle ko'ina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka datse gadar da ta haɗa mu da Malanbil. Kowane karo mun ga abin da ya biyo baya: mutane sun koma kwalekwale da hanyoyin daji, da kajinsu a kwando, da awakinsu a ɗaure. Makiyaya ba su fasa neman ciyawa da ruwa ba. Wanda ya bi ta ofis ana iya duba shi, wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya babu mai ganin sa, balle dabbar da ke hannunsa.

Mun taɓa ganin irin saurin da ciwon dabba ke yi a wannan yanki. A farkon Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Watan bai ƙare ba sai ga ta a Magariya cikin jihar Damagaram.

Akwai kuma wata korona da ta girmi wadda muka sani, ana kiranta MERS. An gano ta a Saudiyya a 2012, daga raƙumi take shiga mutum, kuma cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu kusan ɗaya cikin uku ya rasu. A 2015 masu bincike suka gwada raƙuman da ake yankawa a mahautar Kano, suka tarar fiye da 9 cikin kowane 10 na da alamar sun taɓa kamuwa, wasu ma ƙwayar na hancinsu a lokacin. Daga baya aka ga alamar haɗuwa da ita a jinin wasu masu aikin raƙuma a mahautar, ba tare da an san sun yi ciwo ba. Raƙuman nan da yawansu daga ƙasashen arewa ake koro su, har da Nijar. Dabbar da ta taka ƙasa biyu ko uku kafin ta isa mahauta, lafiyarta ba aikin ƙasa ɗaya ba ne.

Magabata sun gane haka. Ciwon bushiya da ya sha share garken shanu a ƙasar Hausa da ta Fulani, ba a ci ƙarfinsa ba sai da ƙasashe suka haɗa hannu. A 1962 Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru suka fara allurar shanu tare. Da aka yi sakaci ciwon ya dawo a farkon shekarun 1980 ya yi mummunar ɓarna, aka sake tashi tsaye, har aka sanar da kawar da shi daga duniya a 2011. Yau Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS tun Janairun 2025. Wannan magana ce ta shugabanni, kowa da ra'ayinsa a kai. Abin da nake roƙo shi ne kada saɓanin siyasa ya hana likitan dabbobi na Gaya ɗaga waya ya kira na Kamba ko na Malanbil ya ce, "Kaji na mutuwa a wajenmu, ku duba naku."

6. Tsoro ba magani ba ne

Akwai haɗarin da ke tattare da rubutu irin wannan, kuma ina jin nauyinsa. Wani zai karanta ya ce ashe kyanwa na ɗaukar korona, ya tashi ya jefa ta rijiya. An yi haka a wasu ƙasashe. A watan Oktoban 2021, a lardin Ca Mau na Biyetnam, hukuma ta kashe karnuka fiye da 10 na wasu ma'aurata da suka kamu, alhali suna kwance a asibiti. A Janairun 2022 Hong Kong ta sa aka kashe ɓerayen ado da ake kira hamsta kimanin 2,000, bayan an danganta su da kamuwar wasu mutane a wani shagon sayar da dabbobi. A Shanghai an ga ma'aikaci ya kashe kare da duka a titi bayan an tafi da mai shi killacewa.

Abin da hukumomin lafiya suka tsaya a kai shi ne, haɗarin ɗaukar korona daga kare ko kyanwa ƙanƙani ne ƙwarai. Misalin da aka fi sani daga Tailan ya zo, a 2021: wata kyanwa da uba da ɗansa suka shafa wa ciwon ta yi wa likitar dabbobi atishawa a fuska lokacin da take ɗaukar majinarta, likitar ta kamu. Duba jerin da kyau, mutum ne a farkonsa. Cikin ɗaruruwan miliyoyin da suka kamu a duniya, kusan kowa daga ɗan'uwansa mutum ya samu. Wanda ya bar mai tari yana gaisawa da jama'a hannu da hannu ya koma dukan kyanwa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Ɗalibin Islamiyya ya san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ya san na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Dabbar da ke gidanka amana ce. In kai ka shafa mata ciwo, haƙƙi biyu ya hau kanka, na cutarwa da na jinya.

In ana neman ciwon da ya kamata a ji tsoro daga kare, haukan kare ne. Yana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya, yara da yawa a ciki. Yana da allurar rigakafi, kuma maganinsa a yi wa kare allura, ba a bi karnukan unguwa da guba ba.

7. Abin da ke hannunmu

Na gida ba shi da tsada. In mura mai zafi ko tari da masassara sun kama ka, ka bar wani ya ba dabbobi abinci na 'yan kwanaki. Kada kyanwa ta kwana a shimfiɗarka, kada a juye wa kare ragowar abin da ka sa wa baki, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ragonka da bayan ka taɓa shi. Kada a ɗaura wa dabba takunkumin mutane, kada a wanke ta da maganin kashe ƙwari ko sinadarin wanke hannu, domin wannan na iya kashe ta. In ta yi rashin lafiya bayan ciwo ya ratsa gidan, a faɗa wa ma'aikacin dabbobi gaskiya cewa mutanen gida ne suka fara. A bar 'ya'yan namun daji a dajinsu, a daina sayen ɗan biri don yara su yi wasa.

Na hukuma ya fi nauyi. Ƙasashen da muka ji labarin dabbobinsu, sun gani ne domin sun duba. Muna da wuraren dubawa: LABOCEL da CERMES a Yamai, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, tsangayar likitancin dabbobi ta jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Abin da ake bukata shi ne samfur ya riƙa tashi daga kasuwar dabbobi da mahauta da bakin kogi ya isa can da wuri, sakamako kuma ya dawo ga wanda ya aika. Likita a asibitin Gaya ya riƙa tambayar mara lafiya ko akwai dabbar da ta kwanta a gidansu, ma'aikacin dabbobi ya riƙa tambayar makiyayi ko akwai mai tari a rugarsu, su biyun kuma su san lambar wayar juna. Masu kula da dabbobin keji, a gidan gwamnati ko na attajiri, a ba su hutu in ba su da lafiya ba tare da an yanke musu albashi ba, domin wanda ke tsoron rasa abincin ranar zai zo aiki da tarinsa.

Ga gwamnan Doso da hukumomin Gaya, da takwarorinsu na Kebbi da Alibori, da sarakunan gargajiya da shugabannin makiyaya da na mahauta: ku ajiye ma'aikacin lafiyar dabbobi a kowace mashigar da kuka ajiye jami'in duwan, har da bakin kogi inda kwalekwale ke tsayawa, ku ba shi kayan ɗaukar samfur da abin hawa. Ku sa ranar yi wa karnuka da kyanwoyi allurar haukan kare kyauta a garuruwan iyakar nan uku, a yi ta rana ɗaya, kafin hunturu mai zuwa.